Sayen Tsohuwar Land Rover

A shekarar 1948 ne kamfanin Rover na Ingila ya fito da motar nan Land Rover, wadda take iya ja da ƙafafunta huɗu duka. Lokacin ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, ƙarfe ya yi wuya, saboda haka aka ƙera jikinta da alminiyam, amma shasi, watau ƙashin da yake ɗauke da ita daga ƙasa, aka yi shi da ƙarfe. A zamanin En'e da ita ake rangadi, gama yashi da taɓo ba su cika tsai da ita ba. A watan Janairu na 1948 da 68, watau 2016, aka daina ƙera mai tsohuwar surar nan, don haka mai son ta yanzu sai ya nemi ta hannu.

To, a nan ne mai saye yakan rufta. Alminiyam ba ya tsatsa. Mota sai ta shekara 40, a fesa mata fenti, ta fito fes kamar amarya, alhali kuwa tsatsa ta cinye ƙashin. Daga ciki ma take farawa, domin shasin rami gare shi, taɓon damina yakan shiga ya kwanta. Mutum ya sayar da shanunsa ya biya, ran da ya yi lodi ya hau gargada, sai baya ya zauna.

Mai hankali ba ya tsayawa kallon fenti. Tuɓe babbar riga zai yi, ya shimfiɗa tabarma, ya shiga ƙarƙashi da 'yar guduma, ya bi shasin yana ƙwanƙwasawa, musamman can baya da inda sifirin ya kama. Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake yi rau, ruɓaɓɓe kuwa ba ya amo, sai ɓawo ya riƙa zuba. Dillalin da ya hana a yi haka, wai ana ɓata masa lokaci, ai ya riga ya faɗi abin da ke ƙasa. Inji in ya gaji, makaniki ya gyara shi cikin 'yan kwanaki. Sauya shasi kuwa sai an ɗaga jikin motar ɗungum.

Bayan saye sai riƙo. Ba inji kaɗai ke shan mai ba: akwai giyabos, da ƙaraminsa mai raba ƙarfi gaba da baya, da aksul biyu, da mahaɗar ƙafafun gaba. Tsofaffin nan kuwa ba su rabo da ɗigo, lalle ne a riƙa dubawa.

Har wa yau, a irin waɗanda aka ƙera kafin 1980 akwai wani maɓalli rawaya kusa da giya, wanda in an danna shi ƙafafun gaba su kama ja, da jan hannu na hawan dutse. Na yashi da taɓo ne. Direban da ya bar su a kame ya hau kwalta, ƙafafun ba su samun sulɓi a kwana, ƙarfi ya taru a ciki, taya ta cinye, wani lokaci ma sandar aksul ta karye.