Furen Kuɓewa A Tsakiyar Hunturu

Duk wanda ya san Zakka ta ƙasar Safana, maƙwabciyar Batsari, ya san hunturunta ba na wasa ba ne. Daga Disamba zuwa Janairu hazo ke lulluɓe gari, leɓe ya tsage, kaushi ya ci dugadugai, ruwan randa kuwa da asuba sai mai ƙarfin hali. A irin wannan lokaci na je gaida Gwaggona, na yi mako biyu. Gonaki duk an girbe, sai karan gero a tsaye, ga Dajin Rugu can yamma, wanda sunansa kaɗai kan sa a rage murya.

Mai karatu ya san abin da wannan yanki ya gani. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar ta ƙasar Batsari. A Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Safana da Batsari. An yi zaman sulhu a 2019, an kuma yi a 2025. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda tsoro ya shiga har cikin tukunyar miya. Wanda ya daina zuwa fadama, ina zai samo ɗanyen ganye?

To, a nan ne Gwaggo ta ba ni mamaki. Kwana na farko, bayan magariba, sai na ga tana ta jan wasu fasassun tukwane guda shida zuwa cikin ɗakinta, tana jera su nesa kaɗan da kaskon wuta. Na ce, "Gwaggo, lafiya? Yau kuma tukwane ne ke jin ɗari?"

Ta yi dariya ta ce, "Ke dai 'yar nan, kawo fitila ki gani."

Ashe kuɓewa ce! Kowa ya san kuɓewa 'yar zafi ce. In sanyi ya kankama irinta kan daɗe a ƙasa bai fito ba, in ma ya fito sai ya tsumbure, shi ya sa miyar busasshiya ke mulki a gidajenmu har damina. Ita kuwa Gwaggo wayo take yi mata. Takan jiƙa irin a ruwa mai ɗumi ya kwana, ta shuka cikin ƙasar da ta cuɗa da tsohon takin awaki, ƙwaya uku a kowace tukunya. Da hantsi ta fitar da su jikin katangar da iska ba ta bugu, da magariba ta mayar ɗaka. Ruwan alwala da na wankin gero take zuba musu, don ba ta yarda a taɓa na sha. Wato dai kullum kuɓewar nan tana kwana da zaton bazara ce.

Turawa ma na da irin wannan dabara, sai dai su don ƙamshi suke yi. Akwai wani ɗan fure fari mai kamar ƙararrawa da Faransawa ke ba juna ran 1 ga Mayu, suna ce masa muge. Masu gaggawa kan ajiye saiwarsa cikin sanyi, sannan su dasa a ɗaki mai ɗumi, cikin mako uku zuwa huɗu ya yi fure alhali waje ƙanƙara ce. Dafi gare shi, ba a ci. Ni kam in aka ba ni zaɓi, na Gwaggo zan ɗauka.

Ana saura kwana biyar in tafi ta tashe ni da sassafe. Fure ɗaya ya buɗe, rawaya fatsi-fatsi, cikinsa ja wur kamar an ɗiga lalle. Yini guda kawai ya yi ya yanƙwane. Tsiron ko gwiwa bai kai ba, don kuɓewar hunturu ba ta tsawo, amma ranar da zan kama hanya an tsinki 'ya'ya huɗu. Ba su isa miya ba, sai ta yanka su ƙanana ta zuba kan ta kuka, ta kai wa Baba akushinsa. Ya kai loma, ya ɗago ya dube ta ya ce, "Wa ya je fadama?"

Ta ce, "Malam, fadamar na nan ƙarƙashin gado."