Kwana Bakwai

Jama'a, akwai wani labari cikin littattafan mabiya Buddha na ƙasar Hindu da ya tsaya mini a rai. Sun ce sa'ad da Buddha ya sami sanin da ya daɗe yana nema, wanda ya fara tunawa shi ne malaminsa na fari, Alara Kalama, don ya kai masa abin da ya samo. Ashe malamin ya kwana bakwai da rasuwa. Ya ce, to, sai Uddaka, malaminsa na biyu. Aka ce masa shi ma daren jiya ya cika.

Ni kuwa da na karanta, sai na tuna tsohon da ya koya mini riƙon alƙalami. Shekara goma ina cewa gobe zan kai masa goro da 'yar riga. Ran da na isa ƙofar gidansa, sadakar bakwai na tarar ana yi.