MU LEƘA DUNIYA: Taj Mahal, Gidan Soyayyar Da Aka Gina A Kan Kabarin Mai Haihuwa

  Yau sai a gyara ɗaurin ɗankwali, don tafiyar tamu mai nisa ce, ƙasar Indiya muka nufa, wani birni da ake kira Agra. Na san da yawanku kun sha ganin wani farin gini mai ƙatuwar ƙubba da hasumiyoyi huɗu, ko a fim ɗin Indiya, ko a jikin kalanda, ko a katin gaisuwar da saurayi kan aiko wa budurwarsa. To shi ne Taj Mahal. Wasu na ɗauka masallaci ne, wasu kuma su ce fadar sarki ce. Ko ɗaya, 'yar'uwa. Kabari ne, kabarin wata mata da ta rasu a wurin haihuwa.

Kafin mu shiga, bari ki san matar. Sunanta na yanka Arjumand Banu, an haife ta a 1593. Tana da shekara 14 aka yi mata baiko da wani ɗan sarkin daular Mugal, Yarima Khurram, wanda daga baya ya hau gadon sarauta da sunan Shah Jahan. Sai da aka shekara biyar cur da baikon sannan aka ɗaura aure a 1612, kafin nan kuwa har ya auri wata. Kin ga ke nan ba ita ce uwargida ba, kuma bayanta ma an yi mata kishiya. Amma ita ce ta sace zuciyar maigida, shi ya sa ya laƙaba mata Mumtaz Mahal, wato zaɓaɓɓiyar fada. Duk inda ya sa ƙafa tana tare da shi, har wurin yaƙi, ko da ciki ko babu.

A cikin shekara 19 na aurensu ta haihu sau 14, bakwai ne kawai daga cikin 'ya'yan suka girma. A 1631 ta bi shi yaƙi can kudu, garin Burhanpur, da tsohon ciki. Ta yi doguwar naƙuda, ta haifi 'ya mace da aka sa wa suna Gauhar Ara, jini ya ɓalle mata, ta ce ga garinku nan tana da shekara 38. Marubutan fadarsa sun ce bayan rasuwarta furfura ta mamaye gemun sarkin, ya yi shekara biyu ba ya sauraren kiɗa, ba ya sa tufafin ado. Wani abin mamaki, sau uku aka binne baiwar Allah nan: da farko a wani lambu a Burhanpur, bayan wata shida aka ɗauko gawar aka kawo Agra aka binne na wucin gadi, sannan daga ƙarshe aka mayar da ita inda take kwance yau.

To mu kama hanya. Daga Delhi, babban birnin ƙasar, zuwa Agra kimanin kilomita 200 ne, jirgin ƙasa mai sauri zai kai ki cikin ƙasa da awa biyu. Agra gari ne mai cunkoso, ga 'yan keke mai ƙafa uku, ga shanu na yawo a tsakiyar titi ba mai ce musu kanzil, ga birai a kan katanga. Idan kin kusa wurin dole motarki ta tsaya nesa, don an hana duk motar da ke fitar da hayaƙi matsowa, sai ki taka da ƙafa ko ki hau ƙaramar mota mai batir. Kada kuma ki je ranar Juma'a, a rufe yake ga masu yawon buɗe ido, masu zuwa sallah kawai ake bari.

Mamaki na farko tun a bakin ƙofa zai tare ki. Ƙofar jan dutse ce, cikinta da ɗan duhu, sai ki hango farin ginin can ya cika bakin ƙofar kamar ki miƙa hannu ki taɓa. Kina matsawa sai ki ga kamar yana ja da baya yana ƙanƙancewa, in kuma kika koma da baya sai ya yi kamar yana biyo ki. Ba aljanu ba ne, ido ne ke ruɗuwa, don yana gwada girman ginin da girman bakin ƙofar da ke kewaye da shi.

Ki ɗaga kai ki dubi rubutun ayoyin Alƙur'ani da ke zagaye da ƙofofin. Ba tawada ba ce, baƙin dutse ne aka yanka harafi-harafi aka dasa cikin farin dutsen. Wani gwanin rubutu mutumin Shiraz ta ƙasar Farisa, Amanat Khan, shi ya tsara shi, har ya sa sunansa a jiki. Dabarar da ya yi ita ce haruffan sama sun fi na ƙasa girma, yadda wanda ke tsaye a ƙasa zai ga duk girmansu ɗaya. Hasumiyoyin nan huɗu kuwa, kowacce ta kai mita 40, ba a miƙe sak suke ba, an ɗan karkatar da su waje. Masana sun ce an yi haka ne don ko girgizar ƙasa ta kayar da su, su faɗi waje, kada su rufta wa kabarin.

An fara ginin a 1632, kabarin ya kammala wajen 1648, sauran gine-gine da lambun sai 1653. Tsawonsa mita 73. Ana cewa ma'aikata kusan 20,000 suka yi aikin, giwaye da shanu ke jan dutse. Farin marmaran daga Makrana aka kawo shi, a yankin Rajastan. Furannin da za ki gani a jikin bango kamar zanen lalle, ba fenti ba ne, duwatsu ne masu daraja irin su aƙiƙ, wasu daga Afganistan, wasu daga Sin, aka fere su siriri aka jera. In mai rakiya ya ɗora tocila a kan jan furen sai ki ga ya kama haske kamar garwashi. Shi kansa ginin canja launi yake yi kamar hawainiya: da asuba ya yi ja-ja, da rana fari tas har ya kashe ido, da farin wata kuma ya yi wani irin sheƙi.

A gefe guda akwai masallacin jan dutse, kuma ga wani abin da zai ba ki dariya: mu nan gabas muke fuskanta in za mu yi sallah, su kuwa can yamma suke kallo, don Makka tana yammacinsu. A ɗaya gefen sai ga wani gini sak irin masallacin, amma ba a sallah a cikinsa. An yi shi ne kawai don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya, sunansa ma Jawab, wato amsa. Komai na wurin nan bibbiyu ne, dama da hagu daidai wa daida.

Abu ɗaya ne kawai ya karya wannan tsari, shi ma sai kin shiga ciki. Za a ba ki abin rufe takalmi, kuma ba a ɗaukar hoto. Kabarin Mumtaz na tsakiya cif, na mijinta kuwa an raɓa shi a gefe, ya ɗan fi nata tsayi, da siffar gidan alƙalami a kansa, alamar kabarin namiji. Kuma waɗannan da kike gani na ado ne, babu kowa a cikinsu. Ainihin kaburburan na ƙasa a wani ɗaki da ba shi da yawan ado, ba a buɗe shi ga jama'a sai kwana uku a shekara, lokacin tunawa da rasuwar sarkin.

Masu rakiya za su ce miki wai da aka gama ginin sarki ya sa an yanke hannuwan maginan don kada su yi wa wani irinsa. Wannan ƙanzon kurege ne, babu shi a tarihi. Haka labarin cewa ya so gina baƙin Taj Mahal don kansa a ƙetaren kogin Yamuna. Wani Bafaranshe ɗan kasuwa, Tavernier, ya baza zancen, amma da aka tona wurin sai aka tarar lambu ne da tafkin ruwa.

Gaskiyar ma ta fi tatsuniyar daɗi. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, an kakkafa gorori aka kewaye ƙubbar don ɓatar da jiragen yaƙi. Sannan, 'yan mata, Taj Mahal ma ana yi masa dilka! Hayaƙi da ƙura na sa farin ya koma rawaya, kashin wasu ƙwari da ke tasowa daga kogin kuma ya bar masa koren tabo. Sai a kwaɓa wata laka da ake kira multani mitti, wadda matan Indiya ke shafawa a fuska, a shafe bangon da ita, in ta bushe a wanke. An fara yin haka a 1994, sai ka ce gyaran amarya.

Ƙarshen sarkin fa? A 1657 ya kwanta ciwo, 'ya'yansa maza huɗu, duk 'ya'yan Mumtaz, uwa ɗaya uba ɗaya, suka kaure da yaƙi kan gadon sarauta. Aurangzeb ya yi nasara a 1658, ya yi wa mahaifinsa ɗaurin talala a ganuwar Agra. Shekara takwas tsohon nan yana hango kabarin matarsa daga nesa ta saman wani bene, har ya rasu a 1666, aka ɗauko gawarsa a kwalekwale aka kai shi kusa da ita. Wadda ta zauna da shi duk tsawon wannan lokaci tana jinyarsa ita ce 'yarsa Jahanara, wadda take da shekara 17 sa'ad da uwarsu ta rasu, ta kuma riƙe gidan tun daga ranar. Ita kabarinta na Delhi, babu ƙubba, babu rufi, ciyawa ce kawai a kansa kamar yadda ta yi wasiyya.

To 'yar'uwa, kowa ya zo Agra soyayyar sarki yake yabo, kuma ta cancanci yabo. Amma ki tuna duk dukiyar daular Mugal ba ta iya tsayar da jinin Mumtaz ba, alhali a yau zubar jini bayan haihuwa abu ne da ake da maganinsa in an isa asibiti da wuri. Ranar da Allah ya kawo miki naki mijin, ba sai ya gina miki ƙubba ba. Ya bar ki ki je awon ciki, ya tanadi mota da mai ba da jini kafin watanki ya kama, ya bari jikinki ya huta tsakanin haihuwa da haihuwa. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.