Tara Cikin Goma, Amma a Ɗakin Wa Aka Gwada?

Wannan makon maganar gem zan yi, kuma na san akwai manya a nan da za su ce ai wasan yara ne. A yi haƙuri da ni. Yaran da suka fara riƙe hannun PS2 a Kawo da Unguwar Shanu da Badarawa wajen 2005 yau magidanta ne, wasunmu har furfura ta fara leƙowa a gemu. Kuma akwai mutane a garin nan da ba su da wata sana'ar ciyar da iyali sai gidan gem.

Abin da ke damuna shi ne sharhi. Duk lokacin da sabon gem ya fito, kafin ya iso hannunmu mun riga mun ji hukuncin da aka yanke masa a Ingila ko Amurka: wannan ya ci tara cikin goma, wancan huɗu. IGN su ba da maki, GameSpot su ba da nasu, Metacritic ta tattara ta fitar da jimilla, sai 'yan uwanmu masu bidiyo da Hausa a YouTube da TikTok su ɗauko su juya mana shi yadda yake. Ban ce mutanen can ƙarya suke yi ba. Abin da suka gani suke faɗa. Sai dai mai sharhin can yana zaune ne shi kaɗai a ɗakinsa, wuta ba ta ƙiftawa, ba a auna masa intanet da cokali, hannun da yake bugawa da shi sabo ne fil. Mu kuwa mutum biyu ne a kan benci, shida na tsaye a bayansu suna jiran wanda za a ci ya tashi, janareta na kuka a waje, mai gida yana kallon agogo yana lissafin fetur. Gem ɗaya ne, amma ba jarrabawa ɗaya ya zauna ba.

Babu inda wannan ya fito fili kamar lokacin da Konami ta binne PES.

Ga waɗanda ba su zamanci abin ba, PES, wanda muka fara sani da Winning Eleven, shi ne sarkin gidajen gem na Kaduna shekara da shekaru. A PES 5 na 2005 in mutum ya riga ka ɗaukar Inter, ga Adriano ga Obafemi Martins a gaba, to ka fara lallaba aljihunka. Ƙungiyoyin Ingila da yawa ko sunansu na gaskiya babu, Man Red ne da Man Blue da Merseyside Red, amma ba wanda ya damu, tunda akwai wurin gyara suna da riga, kuma kowane gidan gem yana da yaron da ya ƙware a wannan aikin. Daga biyan kuɗi zuwa take wasa bai fi minti ɗaya ba. Ka zaɓi ƙungiya, ka gyara tsari, alƙali ya busa.

Ranar 30 ga Satumba 2021 aka saki magajinsa, eFootball 2022, kyauta, a kan sabon inji, da niyyar mai waya da mai PlayStation su riƙa buga abu ɗaya. Duniya ta yi masa ca. Fuskar Messi ta zama abin dariya, 'yan wasa na gudu hannuwa a baya, 'yan kallo kamar an yanko su daga kwali. A Steam waɗanda suka yabe shi ba su kai goma cikin ɗari ba, ya zama gem mafi munin suna a dandalin a lokacin, har Konami ta fito ta ba da haƙuri. Na kalli sharhi ya fi goma a makon nan, kusan duka a kan fuska da tangarɗa suka tare. Waɗannan kuwa abubuwa ne da ake gyarawa, kuma an gyara da yawansu a sabuntawar Afrilun 2022. Abin da ya karya mu can ƙasan sharhi ake ambatonsa a layi ɗaya, in ma an ambata: in mutum biyu za su zauna su buga ba tare da intanet ba, ƙungiya tara kacal aka ba su. Barcelona, Bayern, Juventus, Manchester United, Arsenal, sai huɗu daga Kudancin Amurka. Ba Chelsea, ba Real Madrid, ba Liverpool. Ka je Hayin Banki ka ce wa yaro babu Chelsea a gem ɗinka, ka gani ko zai zauna. Ba Master League, ba wurin gyara riga da suna irin na da. Komai mai daɗi an tura shi bayan ƙofar intanet.

Wani abin da ba zan manta ba, a daidai waɗannan kwanakin ne aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, aka shafe kusan wata biyu a haka. Allah Ya sani gem shi ne mafi ƙanƙantar abin da mutane suka rasa a lokacin, ba na haɗa su a ma'auni ɗaya. Na kawo shi ne don a ga nisan da ke tsakanin wanda ya zana wasan da wanda zai buga shi. A can an ɗauka intanet kamar iska ce. A nan akwai abokanmu da sai sun shigo cikin gari kafin saƙo ya shiga wayarsu.

Akwai mai gidan gem da nake zuwa wurinsa tun ina sakandare, a wani lungu tsakanin Unguwar Dosa da Badarawa. Daga PS2 ya koma PS3, ya koma PS4, a nan ya ja birki. Har yau PES 2021 ne a kan talabijin uku cikin huɗun da yake da su, an yi masa kwaskwarima an saka sababbin 'yan wasa da riguna, ɗayan kuma FIFA. Na tambaye shi me ya sa bai bi zamani ba. Ya ce, "Malam, ni ba hoto nake sayarwa ba, minti nake sayarwa." Lissafinsa a fili yake. Gem ɗin da zai ce sai ya sauke sabuntawa kafin ya buɗe ya cinye masa data da yammaci guda. Wanda zai tsaya nuna talla da neman shiga asusu kafin a kai ga fili ya cinye masa wasa ɗaya cikin kowane biyar. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kowane minti na janareta ya zama abin ƙirgawa, ga kuɗin data da aka ƙara a farkon 2025. Cikin gidajen gem huɗu da na sani a layinsu da, biyu sun zama shagon caji da POS. Ban taɓa ganin sharhin da ya auna daƙiƙa nawa ne daga kunna na'ura zuwa busa usur ba, alhali a wurin wannan bawan Allah wannan lambar ta fi maki tara amfani.

Sai maganar maɓallai, wadda ita ce ta fi raba zumunci. A PES bokis ne harbi, O kuma kurosin. A FIFA an juya su. Duk wanda ya tashi a PES ya san ranar da ya fara riƙe FIFA, ya yanke 'yan baya, ya rage shi da gola, ya danna bokis da dukan zuciyarsa, ƙwallo ta tashi ta nufi tutar kwana, benci ya fashe da dariya. EA sun san da mu, shi ya sa suka ajiye tsari na biyu da ke mayar da harbi kan bokis da gudu kan R1. Wannan ƙaramin abu, a ganina, yana cikin mafi hikimar abin da suka taɓa yi, kuma da wuya ka ji mai sharhi ya yaba masa. Yatsa yana da haddarsa, kuma ba ya karanta sanarwar kamfani. Ni dai har gobe a kan bakana nake: bokis ne harbi. Babban yatsa yana kwance ne a kan X, bokis na kusa da bakinsa, O kuwa sai ka karkato. Masu FIFA za su ce sabo ne kawai. To, su ma sabo ne.

Haka ƙarfin hannun kansa. Sababbin wasannin ƙwallo sun ɗora kusan duk gwaninta a kan sandunan analog biyu, alhali su ne farkon abin da ke mutuwa. Hannun da yara talatin ke murzawa a yini, ga ƙurar hunturu, wata nawa zai yi kafin ɗan wasa ya fara tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba? Je ka wurin masu gyara a kasuwar Sheikh Gumi ka ga tulin hannuwan da ke jiran layi. Tsohon PES da maɓallan kibiya ake buga shi, kuma waɗannan sai dai a gaji da su.

Yanzu yawancin yaranmu a waya suke bugawa, kuma a nan dole in yi adalci. Waya ta shigar da mutanen da gidan gem bai taɓa buɗe wa ƙofa ba. Ƙanwata ba ta taɓa taka gidan gem ba, ba za a bar ta ba, ita ma ba za ta so ba, amma a Dream League Soccer ta fi ni iyawa nesa. Kuma DLS misali ne na abin da aka ɗinka daidai jikin waya tun asali: sanda ɗaya a hagu, maɓalli uku a dama, A da B da C, shi ke nan. Na 2019 har yau yana yawo daga waya zuwa waya ta Xender, saboda ba ya tambayar kowa data. Matsalar tana wurin wasannin da aka ɗauko daga babbar na'ura aka cusa su a gilashi. Hannun PlayStation yana da maɓalli sama da goma, yatsu huɗu ko shida ke aiki a kansa lokaci ɗaya, kuma kana jin kowanne ba sai ka duba ba. A waya manyan yatsu biyu ne kawai, su ne masu bugawa, su ne kuma masu rufe maka rabin fili. A watan Afrilu, zufa na tsatstsafowa, waya ta yi zafi kamar dutsen guga, hoto ya fara tsalle, sai ka ja yatsa ka ga ɗan wasanka ya tsaya yana kallon ƙwallo. Mai sharhin ya gwada a sabuwar iPhone cikin ɗaki mai sanyi ya ce santsi kamar mai. Yawancinmu Tecno da Infinix da itel muke riƙe da su, kuma ba na bana ba.

Ba kowane sauyin gida ne asara ba. GTA San Andreas ya fito a PS2 a 2004, ya zo waya a Disambar 2013. Tuƙi da harbi a gilashi wahala ne, wanda ya yi aikin bin jirgin ƙasa a kan babur da Big Smoke a waya ya san me nake nufi. Amma na waya ya zo da abu guda da na PS2 bai da shi: in ka faɗi a aiki ana mayar da kai kusa, ba sai ka sake tuƙo mota daga wancan ƙarshen gari ba. Kuma waya tana da batir. Wanda ya taɓa yin awa biyu a PS2 bai adana ba aka ɗauke wuta ya san cewa wannan kaɗai ya isa a ƙara wa na waya maki biyu.

Abin da waya ta ɗauke mana shi ne mutumin da ke gefenka. A benci, in ka ci mutum kana ganin fuskarsa, in ya ci ka gobe ka dawo. Kuma ku biyun da ƙungiyoyin da kowa zai iya ɗauka kuke bugawa. A eFootball da FC na waya abokin karawarka baƙo ne da ba za ka taɓa gani ba, kuma sau da yawa ba yatsunsa ne suka fi naka ba, aljihunsa ne. Ɗan yayata, ɗan aji biyar a sakandare, ya tara kuɗin karin kumallonsa na makonni ya sayi tsabar cikin gem don ya ja ƙuri'ar wani ɗan wasa, bai fito ba, ya sake tarawa. Uwarsa ta ɗauka kuɗin littafi ne. Beljiyam ta ɗauki irin wannan akwatin sa'a a matsayin caca tun 2018, har EA ta daina sayar da FIFA Points a ƙasar a farkon 2019. A sharhin da ake juya mana da Hausa ban taɓa jin an faɗa wa iyaye wannan ba.

Akwai sharhi ɗaya na waje da na cire wa hula. A 2020 EA ta fitar da FIFA 21 na Nintendo Switch, kusan na bara ne aka canza wa riguna aka sa masa kusan cikakken farashi. Mai sharhin IGN sai ya kwafo sharhinsa na FIFA 20 ya manna, ya ce tunda haka suka yi shi ma haka zai yi, ya ba su biyu cikin goma. Ya auna abin da ma'aunin wanda zai cire kuɗi daga aljihunsa.

Irin wannan nake roƙo daga 'yan uwanmu masu bidiyon gem da Hausa, kuma wasunsu a Kadunan nan suke, muna haɗuwa a wurin kallon ƙwallo. Kafin ka ce mana gem ya haɗu, kashe data ka gani ko zai buɗe. Faɗa mana giga nawa ya ci ranar farko da nawa ya sake nema bayan mako biyu. Gwada shi a wayar ƙaninka, ba taka ba, da rana tsaka, ka riƙe agogo ka ga minti nawa za ta yi kafin ta ɗau zafi. In na PlayStation ne, ɗauke shi ka kai gidan gem ranar Asabar bayan la'asar, ka miƙa wa yara biyu tsofaffin hannuwa, ka koma gefe ka tsaya kusa da mai gida. In an yi wasa uku ba wanda ya ce a mayar musu da PES 2021, sai ka zo ka ba mu maki.