Gonar Da Yaya Ya Hana A Sayar

A kakar 2022, ana tsakiyar cirar gyaɗa a garinmu Yalwan Damai, Yayana ya fara kukan nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Shi ne ya yi ta noma yana biya mini kuɗin makaranta har na sami difloma ta koyarwa, kuma ban taɓa ganin zazzaɓi ya kwantar da shi ba. Da farko aka ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Da ido ya yi rawaya, ciki ya fara tasowa, sai wasu suka ce sammu ne. Wata uku muka ɓata a haka kafin muka kai shi asibiti a Birnin Kudu, inda aka yi hoton ciki aka tura mu Kano.

A can ne likita ya zaunar da ni ya ce ciwon daji ne na hanta, kuma ya wuce a yi masa aiki. Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne babu magani. Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya jawo takarda ya zana mini hanta kamar yadda nake yi wa ɗalibai zane a allo, ya ce rashin aiki daban, rashin magani daban.

Ga abin da na fahimta. Idan ƙullutun bai wuce santimita 3 ba, akan soka allura ta fata a ƙone shi da zafi. Idan ya fi haka amma bai fita daga hanta ba, akan zura siririn bututu ta jijiyar jini ta cinya har zuwa jijiyar da ke ciyar da shi, a zuba magani, a toshe ta. In kuwa ya bazu, sai ƙwayoyi ko ƙarin ruwa. Akwai sorafenib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2007, wanda a babban gwajinsa ya ƙara wa masu sha kusan wata 3. A 2018 aka sami lenvatinib. A 2020 kuma aka haɗa atezolizumab, mai zaburar da garkuwar jiki, da bevacizumab, mai hana ciwon yin sababbin jijiyoyi. Dukkansu jinkiri suke kawowa, ba sa tumɓuke ciwon, kuma sai hantar da ke da sauran ƙarfi ce ke iya ɗaukarsu. Ta Yaya kuwa, in ji likita, ta riga ta gaji.

Duk da haka na lissafa albashina na malamin sakandare, na ga ba zai sayi ƙwayar wata guda ba, sai na yanke shawarar a sayar da gonar fadama. Na so in ɓoye masa sunan ciwon, amma ya dube ni ya ce, "Malam, gaya mini abin da likita ya ce, ni ba yaro ba ne." Na gaya masa, ban rage komai ba. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Wata uku za ka saya mini da tuwon yarana na shekara ashirin? A bar gonar nan."

Abin da ya rage shi ne maganin sauƙaƙa wahala, wanda a da na raina. Aka zuƙe ruwan cikinsa har ya iya numfashi sosai, aka ba shi mofin, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Mutanenmu suna cewa daji ba ya son allura, amma allurar nan ce ta ba shi damar zama a zaure ya biya bashinsa, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda suka taɓa saɓawa. Ya rasu ana saura kwanaki a kama azumin 2023.

Kafin mu bar Kano likita ya ce a gwada jinin 'yan gida, domin kuwa tushen ciwon ƙwayar cutar hanta ce nau'in B, wadda yaro kan ɗauka wajen haihuwa, ko ta askar da aka yi wa mutane da yawa amfani da ita. Gyaɗa da masara masu funfuna kuma suna ƙara wa wutar itace. Sai a 2004 allurar rigakafinta ta shiga cikin na jarirai a Nijeriya, mu kuwa an haife mu tun kafin nan. Aka gwada, aka same ni da ita. Yanzu duk wata 6 ina zuwa a duba jini a yi hoto, kuma duk jaririn da aka haifa a gidanmu ba ya kwana sai an yi masa allurar.

To, 'yan'uwa marubuta, a littattafanmu mukan kashe mutum da layi ɗaya, mu ce ciwon ajali ne. Da wani ya taɓa rubuta yadda ciwon nan yake farawa, da wataƙila ba mu ɓata wata ukun nan ba. Bana ɗan Yaya na fari ne ya nome fadamar. Allah Ya jiƙan Yaya, mu kuma Ya sa mu cika da imani, amin.