Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Bara da damina ƙanenmu ya yi ta zawo har mako uku. Da ma shi mashayin burukutu ne, abinci bai dame shi ba. Ran wata Asabar muna duba littattafan 'yan makaranta, sai aka aiko mu zo maza. Muka tarar yatsunsa sun ƙage, jikinsa na fizga. Waɗansu suka ce sammu ne.

A asibiti aka auna jininsa, aka ce kalsiyam ya yi ƙasa. Aka ba shi kalsiyam, shiru. Da aka sake awo, ashe magnesiyam ne ya ƙare.

Ga yadda likita ya fahimtar da mu. A wuya, bayan inda maƙoƙo yake fitowa, akwai 'yan tsokoki 4, kowace kamar ƙwayar shinkafa, ana ce da su faratayirod. In kalsiyam ya ragu a jini, su ne suke aika wa ƙashi ya saki kaɗan, ƙoda kuma ta rage zubar da shi cikin fitsari. Amma in magnesiyam ya yi ƙaranci ƙwarai, aiken ba ya fita sosai, ɗan abin da ya fita kuma ƙashi ba ya jinsa. Giya da doguwar zawo suna kwashe magnesiyam daga jiki.

Aka ƙara masa magnesiyam, cikin 'yan kwanaki yatsun suka saku.

Yanzu wake, gyaɗa, gero da alayyaho, masu magnesiyam, ba sa yankewa a gidansa. Mu kuwa da muka yi shekaru muna jin nauyin yi masa maganar sha, mun buɗe baki.