Jika biyu na Ibrahima Dieng

Jika ashirin da biyar aka aiko. A ciki, jika ashirin ajiyar mai aikowa ce, jika uku na uwarsa ne, jika biyu kacal ne rabon mutumin da aka rubuta sunansa a kan takardar. Saboda waɗannan jika biyu Ibrahima Dieng ya yi ta safa da marwa a titunan Dakar, aka jinginar da zinariyar ɗaya daga cikin matansa, aka haɗa masa jini da majina a shagon mai hoto, bashi ya hau kan bashi, kuma har fim ya ƙare kuɗin ba su shiga hannunsa ba. Labarin Mandabi ke nan, fim ɗin da Usman Sembène na ƙasar Sanagal ya fitar a 1968. Wasunmu sun karanta littafinsa Le Mandat a koleji ko a lise, don a ci jarrabawa a wuce. Ni fim ɗin ne ya kama ni, sau huɗu na kalle shi a cikin wata guda.

Sunan ma abin dubawa ne ga ɗan sashenmu. Manda ita ce mandat ta Faransanci, takardar karɓar kuɗi a gidan waya, ita kuwa bi a Wolof tana bin bayan suna ta tsayar da shi, kamar yadda mu za mu ce "mandar". Mu dai a Hausa muna da wata manda tun kafin zuwan Nasara, baƙin gishirin nan da tsofaffi ke sawa a magani. Wannan ta fim ba ta warkar da kowa ba.

Ibrahima magidanci ne, mata biyu, ƴaƴa bakwai, ya daɗe ba aikin yi. Ɗan ƴar'uwarsa Abdu ne ke sharar titi a Paris, ya tattala ya aiko. Kafin maigida ya san da zuwan takardar, Mety da Aram sun riga sun je wajen Mbarka mai kanti sun ɗauko shinkafa bashi, don mai kanti ya ji ƙanshin manda. Ibrahima ya dawo daga aski, ya ci ya yi nak, ya yi gyatsa, ya miƙe ƙafa ya yi barci bai tambayi inda abincin ya fito ba. Da ya farka ya ji labari kuma sai faɗa, don me aka bari unguwa ta sani. Abin da na so a wurin Sembène ke nan, bai yi wa talakansa kwalliya ba. Ibrahima yana da son girma, yana da tsawa a cikin gida, babbar rigarsa ta fi aljihunsa nauyi. Matan ne ke riƙe da lissafin gidan, su suka san me za a jinginar, wa za a ba haƙuri, wace ƙarya za ta kori masu roƙo daga ƙofa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake auna tsaba da tiya ya san wannan rabon aiki, ba sai an gaya masa ba.

Daga nan sai takardu. A gidan waya aka ce sai da kartidantite. A kumsariya aka ce ba a yin karti sai da takardar haihuwa da hotuna da tambur. A meri aka nemi ranar haihuwa da wata, shi kuwa abin da ya sani wajajen shekarar ne kawai. Kowace ƙofa kuɗin mota take ci, kowane mai nuna hanya yana jiran na goro. Mai hoton da ya je wurinsa ya karɓi kuɗi bai ba shi hoto ba. A gida kuma maƙwabta sun yi layi, har da masu rawani, kowa da matsalarsa, ga ƴar'uwarsa ta taso daga ƙauye tana neman jika ukunta yau ba gobe ba. Ƙarshe ya faɗa hannun Mbaye, matashi mai kwat da mota, ya sa masa hannu a takardar wakilci. Mbaye ya karɓo kuɗin ya dawo ya ce an yanke masa aljihu.

A kallo na biyu na bar bin labarin, na koma sauraron wa ke magana da wane harshe. Ba na jin Wolof, sai ƴan kalmomin da muka tara da su ta hanyar Larabci, sallama da hamdala da makamantansu. Amma kunne yana gane inda harshe ya juya. Gaisuwa da Wolof ake yin ta, haka roƙo, haka addu'a, haka cin bashi da rantsuwar za a biya. Duk abin da zai zama hujja kuwa, wanda za a buga wa hatimi, da Faransanci yake. Masu kwat suna da harsunan biyu, suna zamewa daga wannan zuwa wancan yadda suka ga dama, kuma sau da yawa inda suka zame nan ne ake yanke wa Ibrahima hukunci yana tsaye. A aji muna kiran wannan diglossie, mu zana akwati biyu a allo, babban harshe a sama, ƙarami a ƙasa, mu kwafe mu tafi resto. Ban taɓa jin nauyin akwatin nan na sama ba sai da na ga dattijo da furfurarsa yana bin bakin yaro sa'ar ɗansa da ido, yana jiran a gaya masa abin da aka ce a kansa.

Shi kansa fim ɗin bai tsira daga wannan ba. Ana lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da aka yi da harshen Afirka, amma da yake kuɗin yin sa daga Faransa suka fito, sai da Sembène ya ɗauke shi sau biyu, ɗaya da Wolof, ɗaya da Faransanci. Mutumin ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille kafin ya zama marubuci, ya koyi aikin fim a Mosko, kuma abin da ya kai shi ga fim shi ne mutanen da yake rubutu a kansu ba sa iya karanta littattafansa. (Daga baya ma ya yi rigima da gwamnatin Senghor a kan rubuta sunan fim ɗinsa Ceddo, da d biyu ko da ɗaya, har aka hana nuna shi a ƙasar. In kun ga muna musu a ƙungiya a kan "kuɗi" da "kuɗɗi", to ba mu muka fara ba.) Ni kuma ga ni, Bahaushiya, ina kallon fim ɗin Wolof ta hanyar fassarar Faransanci da ke gudu a ƙasan hoto. Tsakanina da Ibrahima ma sai da harshen gishe ya shiga.

Babana magini ne a Tawa, maso kamar yadda ake cewa a gari. Ranar da aka samu gini a ci da nama, ranar da babu a yi haƙuri. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, yana rubuta lissafin siminti da na leburori da ajami a wani ɗan littafi da ba ya rabuwa da aljihunsa, ban taɓa ganin lissafin ya kuskure ba. A takardar gwamnati kuwa sunansa wanda bai iya karatu ba, yatsa yake dangwalawa. A wurin ranar haihuwa an rubuta masa né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza, daidai irin ta Ibrahima. Kartinsa ya mutu shekara uku ke nan. Takardar haihuwar da zai sabunta shi da ita ta tafi a damanar da ɗakinmu na ƙasa ya zauna. Sau uku ya je wani biro, sau uku ana ce masa ya dawo, kuma kowace tafiya yinin aiki guda ce ta tafi a banza. A na ukun wani yaro ya gaya masa abin da ya rage da Faransanci, da sauri, bai ko ɗaga kai ba. Baba bai ce a maimaita ba. Ya dawo gida ya ce shi da wurin nan sai dai a kai gawarsa.

Yayana yana bida a Abijan, kamar rabin samarin unguwarmu. In ya samu abin aikowa, da sunana yake aikowa nan Yamai, don ni ke da karti mai rai. Ni kuma in cire in sake turawa Tawa da sunan wani mai kanti maƙwabcinmu. Kuɗin aike sau biyu ke nan, kuma kafin kuɗin su iso hannun Baba mai kanti ya san ko nawa ne, ya cire bashinsa, matarsa ta sani, unguwa ta sani. Rannan Baba ya kira ni ya ce, "Uwata, in ya turo ki riƙe tukuna, kar ki sa wa mutumin nan sai na gaya miki." Na ce, "To Baba, yadda kuka ce." Ya yi shiru kaɗan, sa'annan ya tambaye ni ko ina cin abinci.

Abu guda ya sauya tun 1968, kuma ba ƙarami ba ne. Ibrahima sai da ya kai wasiƙar Abdu wurin mai karanta wa mutane wasiƙu a bakin gidan waya, har ladan karatun ya zama masa bashi. Sembène da kansa ya fito a matsayin wannan mai karatu, kuma ba na jin don rashin ɗan wasa ne. Yau yayana saƙon murya yake yi a WhatsApp, da Hausarmu ta Adar, Baba ya kara a kunne ya ji adadin daga bakin ɗansa, ba mai rage masa ko dala a fassara. Magana ta kuɓuta daga hannun ɗan tsakiya. Kuɗin ne har yanzu sai sun bi ta takarda.

To a nan ne fim ɗin ya hana ni sakat. In muna kallo, kowa Ibrahima yake tausaya wa, kowa a gefensa yake zaune. Amma mu da muke jami'a, in aka raba mana matsayi a fim ɗin nan, ba na Ibrahima za a ba mu ba. Mu ne mai karanta wasiƙa, mu ne na bayan gishe, kuma kwat ɗin Mbaye daidai jikinmu aka ɗinka ta. Mbaye bai fasa ƙofar kowa ba. An kawo masa takarda har gida, da godiya, don shi ne ɗan unguwa da ya yi lakkol. Ina tuna shi duk watan da bursu ta makara, kuɗin yayana suna kwance da sunana, ga kuɗin fotokopi, ga na taksi, ga sabulu ya ƙare. Ban taɓa su ba. Sai dai na san ba hatimi ko doka ke tsare su a hannuna ba, kuma na san gidaje nawa ne a Maraɗi da Damagaram da Tawa suke rataye a wuyan ɗalibi guda kamar haka.

Ƙarshen fim ɗin ne bai gamsar da ni ba. Ibrahima ya gaji, ya ce shi ma daga yau zai zama macuci kamar kowa, sai mai raba wasiƙu ya tsaya yana ba shi baki, cewa su talakawa su ne za su gyara ƙasar. Maganar ta yi mini kama da jawabin rufe taro. Mai raba wasiƙun nan albashi gare shi, ya iya karatu, da yamma zai koma gidansa. Na fi yarda da fuskar Mety da Aram a lokacin, don su ne za su nemo abin ɗora tukunya gobe da safe.

A 2025 kundin Refondation ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mun yi murna a site, ni har da guɗa. Da na gaya wa Baba a waya, tambaya ɗaya ya yi mini: "To yanzu in na koma biron nan, da ajami zan sa hannu?" Na ce masa da boko ake nufi, kuma takardun ba su sauya ba tukuna. Ya ce, "Af."

Ina son Baba da Inna su ga Mandabi. Finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa sun cika wayoyin gidanmu, ban ga abin da zai hana a yi wa wannan haka ba, shi ya sa na fara juya maganganun minti ashirin na farko a bayan kayen darasina. Nan da nan na ci karo da matsala. In na mayar da kowa Bahaushe, har da na gishe da Mbaye, fim ɗin ya mutu, ya koma labarin wani tsoho marar wayo da aka damfara. Dole Wolof kaɗai za a juya, a bar Faransancin yadda yake, ba fassara, don Inna ta tsaya a inda Ibrahima ya tsaya. Amma fassarar ƙasan hoto da nake aiki da ita ba ta nuna inda aka sauya harshe, sai na yi ta mayar da fim baya ina kasa kunne, ga wuraren da ake cakuɗa biyun a jimla ɗaya. Kalmar procuration ma ta tsayar da ni: "wakilci" ta yi sanyi, ba ta ɗauke da tambur da sa hannu. In akwai mai jin Wolof a cikinku, ko wanda ya san mai ji, ko mai kwamfutar da za ta iya ɗora murya a kan hoto, ya neme ni bayan zaman ƙungiya na gaba. Muryar Ibrahima na riga na samu, wani ɗan Damagaram ne a sashen tarihi. Ta Mbaye ce har yanzu kowa ya ƙi karɓa.